Nano ya ƙi karɓar lodi: nazarin wani injin ƙyanƙyasa da laifuffukansa suka rufa wa juna asiri

Injin ƙyanƙyasa ne haɗin gida, irin wanda ake yi da gawar tsohuwar firji. An cire kwamfuresa, an jera tire-tiren ƙwai, an sa ƙwayayen fitila masu zafi a ƙasa da ƙaramar fanka a sama. Ƙwaƙwalwarsa bod ɗin Arduino Nano ne, ba na kamfanin asali ba, irin mai arhar nan da ake shigo da shi daga China. A samansa akwai aisin ATmega328P, wato guntun lantarkin da ke gudanar da shirin, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙaramin aisi mai suna CH340G, wanda shi ke tsakanin USB na kwamfuta da layin siriyal na ƙwaƙwalwar. Aikin Nano ɗin shi ne ya riƙe zafi a digiri 37.5, ya riƙa kunna motar juya ƙwai har zuwa kwana na 18, ya nuna zafin a ƙaramin allon LCD, idan kuma zafi ya faɗi ya tura saƙon tes ta modul ɗin SIM800L zuwa wayar mai gonar. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya fashe, kuma dare guda cikin sanyi ba tare da kowa ya sani ba zai iya jawo asarar zubi sukutum. Saƙon tes ɗin nan shi ne abin da Hajiya mai gonar ta fi damuwa da shi a duk injin.

Sai ta canza layin waya. Lambar kuwa a cikin kod aka rubuta ta, don haka dole a gyara lambobi 11 a sake loda shirin, wato a tura shi daga kwamfuta zuwa cikin Nano. Matashin da ya haɗa injin ya zo da sabuwar laftof ɗinsa da niyyar aikin minti biyar, Nano ya ƙi karɓa. Lokacin da ya neme ni, ya riga ya yanke hukunci: "Malam, aisin ne ya ƙone, cire shi kawai za mu yi." Ƙwai na ciki, ana tsakiyar zubi.

Kafin in taɓa komai na sa ya ba ni tarihin bod ɗin, kuma a nan ne aka samu abu na farko mai amfani. Ya loda shirin ne tun Nano yana zaune shi kaɗai a kan tebur, ba a jona masa komai ba, da tsohuwar laftof ɗinsa wadda daga baya ta mutu. Bayan nan ne ya like ƙafafunsa 30 da dalma kai tsaye a kan berobod, allon nan mai ramuka da ake jera kayan lantarki a kansa, babu soket, ya ja wayoyi zuwa rile, wato makunnin da Nano ke sarrafawa, da modul da allo. Tun daga ranar bai sake loda masa komai ba, don babu abin da ya taso. Ashe ke nan ba a taɓa yi wa wannan bod lodi ba a yanayin da yake yanzu. "Da yana yi, yanzu ya daina" ba ita ce maganar ba. Wanda ya yi a da Nano ne tsirara, da wata kwamfuta, da wani kebul, da wata tsohuwar manhajar Arduino. Abu huɗu sun canza, shi kuwa aisin da ake zargi yana nan yana riƙe da zafi daidai a kan allo. Aisin da ya ƙone ba ya rubuta 37.5.

Kebul

Alamar farko ita ce jerin Port a manhajar Arduino, inda ake zaɓar mashigar da bod yake, ya dushe, ba a iya danna shi. Matashin ya ɗauka direba ne, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, ya sauke na CH340 ya girka, ya cire, ya sake girkawa. Hujjarsa cewa kebul lafiya ƙalau yake ita ce fitilar bod tana kunne. Amma bod ɗin yana cin wuta daga batirin injin, fitilar tana kunne ko da kebul ko babu. Ko da ma daga USB take samun wuta, abin da za ta tabbatar kawai shi ne wayoyi biyu cikin huɗu suna aiki. Kebul ɗin USB na sosai yana da ja da baƙi na wuta, da kore da fari na bayanai. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa da ƙananan rediyo da fitilun caji ja da baƙi kawai ke cikinsu, kuma daga waje ba ka bambance su. Nasa daga kwalin wata rediyon caji ya ɗauko shi, saboda Nano bakin mini-USB gare shi, wanda yanzu ya yi wuyar samu a wajen masu kayan waya.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Ka buɗe Device Manager na Windows, ka zuba masa ido, ka soka kebul. Idan wayoyin bayanai suna nan, jerin zai yi ƙyaftawa ya sake jeruwa, ko akwai direba ko babu. In babu direba, na'urar za ta fito a ƙarƙashin Other devices da alamar kusurwa uku ruwan ɗorawa, da suna irin USB2.0-Serial. In kuwa jerin bai ko motsa ba, Windows bai san an soka komai ba, kuma direba ɗari ba za su yi magani ba. Nasa bai motsa ba. Da muka sa wani kebul da na san yana aiki, kwamfuta ta yi ƙarar nan tata, sai ga USB-SERIAL CH340 (COM5) a ƙarƙashin Ports.

Ban ga laifinsa sosai ba da ya fara zargin direba, domin tarihin waɗannan ƙananan aisi ya koya wa mutane haka. A watan Oktoba na 2014 kamfanin FTDI ya fitar da direba ta hanyar sabuntawar Windows wanda, idan ya gamu da jabun aisin FT232R, yake mayar da lambar shaidarsa sifili, kwamfuta ta daina gane shi. Sai da aka yi ca a kansu suka janye. Masu Ubuntu 22.04 kuma sun sha ganin CH340 ya fito ya ɓace nan take, saboda manhajar brltty ta allon rubutun makafi tana ɗaukarsa nata ne ta kama shi. Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai kowannensu yana barin sawu a jerin na'urori, shi kuwa kebul maras wayoyin bayanai ba ya barin komai, kuma rashin sawun shi ne shaidarsa.

Dannawa ta gaba ta kawo "can't open device" da "Access is denied". Wannan bai ɗauki lokaci ba. Mashigar COM shiri ɗaya take yarda ya riƙe ta a lokaci guda, shi kuma yana da wata tagar manhajar Arduino a buɗe a baya da Serial Monitor ɗinta, wadda ta cafke COM5 da fitowarsa. Muka rufe ta.

Sallama ba amsa

Daga nan muka shiga ainihin matsalar. Jajayen layuka suka jeru:

avrdude: stk500_recv(): programmer is not responding
avrdude: stk500_getsync() attempt 1 of 10: not in sync: resp=0x00

haka har zuwa na goma. Wannan saƙon ya sa mutane da yawa sun jefar da bod mai lafiya, don haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Idan ka danna lodi, manhajar Arduino tana miƙa aikin ga wani shiri mai suna avrdude. Shi ne zai buɗe mashigar COM, ya sa CH340 ya ja layinsa na DTR ƙasa. Tsakanin DTR da ƙafar RESET ta ATmega akwai 'yar kafasita mai nanofarad 100, wadda ke mayar da wannan ja ya zama ɗan bugu gajere, ƙwaƙwalwar ta sake tashi daga farko. Duk lokacin da ta tashi ta wannan hanya, abin da ke fara gudu ba shirinka ba ne, wata 'yar manhaja ce da ke zaune a ƙarshen ma'adanar aisin, butloda. Takan saurari layin RX, wanda bayanai ke shigowa ta kansa, na kimanin daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan ɗan lokaci avrdude zai aiko da bayit biyu, 0x30 da 0x20, ita kuma ta mayar da 0x14 da 0x10. Idan an yi haka, sai lodi ya fara. Idan ba ta ji komai ba, ta saki shirinka ya ci gaba da gudu.

Avrdude baƙo ne a ƙofar gida yana rafka sallama sau goma. Abin da zai iya gaya maka kawai shi ne ba a amsa ba. Ko maigidan barci yake ba a tashe shi ba, ko ya tashi amma wani ya tare zauren muryar ba ta isa ba, ko muryar ta isa amma ba ya jin yaren, duk jawabi ɗaya baƙon zai kawo maka. Saƙon "not in sync" ba ya nuna wurin laifi, kuma ba ya gaya maka laifi nawa ne.

Na tambaye shi me ya gwada. Ya ce tun a gida, da ya ga ana ta ba da shawarar a zaɓi ATmega328P (Old Bootloader) a ƙarƙashin Processor, ya sa a ransa zai gwada; da muka kai wannan mataki ya zaɓa, ya danna, saƙon bai canza ba, ya mayar da shi yadda yake yana cewa, "Ka gani, Malam, ba shi ba ne." Ya kuma gwada danna maɓallin RESET da hannu daidai lokacin lodi, shi ma bai yi ba, ya cire shi daga lissafi. A nan ne hanyar gwaji ta "canza abu ɗaya, in bai yi ba ka mayar" take cin amanar mai ita. Hanyar tana aiki ne idan laifi ɗaya ne. Idan uku ne a jere, kowanne gyara na gaskiya zai fito kamar ba shi ba ne, domin sauran biyun suna nan suna toshe hanya. Abu uku masu fuska biyu-biyu suna ba da haɗi takwas, ɗaya ne kaɗai cikinsu zai loda, kuma mai mayar da kowane gyara bayan ya gwada ba zai taɓa isa wurin ba. Abin da ake buƙata shi ne kowace gaɓa a samo mata shaidarta ita kaɗai, wadda ba ta jingina da nasarar lodi ba.

Na fara da wanke kwamfutar daga zargi. Ina tafe da wani Nano da ba a jona masa komai ba. Muka soka shi da kebul ɗin nan, a mashigar nan, muka loda masa Blink, ɗan shirin gwaji mai ƙyafta fitila. Ya karɓa ba gardama. Laftof, direba, kebul da manhaja sun fita. Duk abin da ya rage yana cikin akwatin injin.

Sai muka mayar da kebul kan Nano na injin, maimakon lodi muka buɗe Serial Monitor a gudun 9600. Nan take rubutu ya fara gangarowa, AT+CSQ, bayan ɗan lokaci wani AT+CSQ. Shirinsa ne yake tambayar modul ƙarfin sabis, kwamfuta kuma tana jiyowa. Wannan ɗan rubutu ya faɗi abubuwa da yawa. ATmega yana raye, agogonsa na megahaz 16 yana daidai tunda haruffan sun fito tsaf, CH340 yana ɗauko magana daga bod zuwa kwamfuta. Ya kuma tona cewa modul ɗin a ƙafafun 0 da 1 aka jona shi, waɗanda su ne dai RX da TX, layin shiga da na fita, da lodi ke bi.

Amma abin da ya fi jan hankalina ba a kwamfuta yake ba, a allon LCD yake. Buɗe Serial Monitor yana jan DTR kamar yadda lodi ke yi, don haka Nano mai lafiya yakan sake tashi a duk lokacin da aka buɗe shi. Shirin nasa yana da gaisuwar farko da ke tsayawa a allo na 'yan daƙiƙu kafin zafi ya fito. Na ce ya kalli allon, na rufe Serial Monitor na sake buɗewa. 37.5 ko gezau. Na maimaita, haka. Ba a tashi maigidan ba ke nan.

Muka juya berobod ɗin. A jikin ƙafar RST akwai kafasita baƙa mai siffar gwangwani, maikurofarad 10, ƙafarta ɗaya a RST ɗaya a GND, an like ta da dalma mai yawa kamar an yi cikin fushi. Ya ce shi ya sa ta, watanni bayan haɗa injin, saboda Nano yana sake tashi da kansa duk lokacin da motar juya ƙwai ta tsaya, kuma tunda ya sa ta abin ya lafa. Lissafin a bayyane yake. Bugun DTR yana bi ta nanofarad 100 ne ya tarar da maikurofarad 10, wadda ta ninka ta sau ɗari. Bolt biyar da ya kamata su ja RESET ƙasa sai su rabu tsakanin su biyun, ƙafar ta sauka da kimanin bolt 0.05 kacal. Daga 5 zuwa 4.95 aisin bai ma san an yi ba. Wannan dabara sananniya ce, har ana yin ta da gangan: idan za a mayar da Arduino na'urar loda wa wani aisi, kafasita mai maikurofarad 10 ake sa masa a RESET don a hana shi sake tashi. Shi kuwa a wajen masu ESP32, wani irin bod daban, ya tsinto ta, inda sa kafasita a ƙafar EN yakan gyara matsalar shiga yanayin lodi. A can ana so EN ya yi jinkirin tashi ne har ƙafar GPIO0 ta sauka. Tsarin Nano ba haka yake ba, shi bugun kansa yake buƙata, kuma shi kafasitar ta haɗiye.

Akwai wutar 220 a cikin akwatin, ta fitilu da ta mota, don haka muka kashe wannan ɓangaren kafin ayan, ƙarfen narkar da dalma, ya shiga. Hajiya ta leƙo tana tambaya ko ƙwan ba za su huce ba. Na ce mata, "Hajiya, kaza ma takan tashi ta je ta ci abinci ta dawo, in dai ƙofar firjin a rufe take, 'yan mintuna ba komai." Muka ɗaga ƙafar kafasitar guda ɗaya, muka mayar da wutar bod, na buɗe Serial Monitor. Allon ya ɗauke, gaisuwar ta fito. Gaɓa ta farko ta ba da shaidarta, ba tare da an danna lodi ba.

Sake tashin ya zo da wata kyauta. Fitilar L da ke kan ƙafa ta 13 ta ƙyafta sau ɗaya. Na danna RESET a kan Nano na gwaji, tasa ta ƙyafta sau uku da sauri. A ido bod biyun kamar an tsaga kara, amma butlodarsu daban. Mai ƙyaftawa uku ita ce Optiboot, wadda Uno ke amfani da ita, tana magana a gudun bit 115200 a daƙiƙa. Mai ƙyaftawa ɗaya tsohuwar ce, a 57600. A farkon 2018 Arduino suka koma sa Optiboot a Nano, manhajarsu ma ta mayar da ita zaɓin farko, tsohuwar ta koma ƙarƙashin Old Bootloader. Masu ƙera na kwaikwayo kuwa da yawa sun ci gaba da zuba tsohuwar. Tsohuwar laftof ɗinsa tana ɗauke da manhajar da ta girmi wannan canji, shi ya sa bai taɓa sanin akwai zaɓi ba.

Dalilin da ya sa bambancin gudu ke kashe magana gaba ɗaya shi ne layin siriyal ba shi da wayar agogo. Mai karɓa yana ganin layi ya sauka, ya san bayit ya fara, daga nan sai ya riƙa leƙa tsakiyar kowane bit bisa nasa ƙirgen. A 115200 kowane bit yana ɗaukar kimanin maikurodaƙiƙa 8.7, a 57600 kuwa 17.4. Mai ƙirga 17.4 da aka yi wa magana da 8.7 zai tsallake rabin abin da aka faɗa, ya haɗa wani bayit da ba wanda ya aiko. Kuskuren kashi biyu cikin ɗari layin yana jurewa, shi kansa ATmega mai megahaz 16 idan an ce masa 115200 abin da yake bayarwa 117647 ne. Ninki biyu kuwa ba a maganarsa. Wanda ke son ganin gudun da ake amfani da shi da idonsa, ya shiga Preferences ya kunna cikakken bayani lokacin lodi, zai ga lambar a layin umarnin avrdude.

Muka zaɓi Old Bootloader, wannan karon da hujja, muka bar shi a nan. Muka danna lodi. Allo ya ɗauke, L ta ƙyafta, sai "not in sync" kuma. Fuskarsa ta canza, hannunsa ya nufi Processor zai mayar. Na riƙe masa hannu. Abu biyu mun tabbatar da su da ido, ba za mu warware su ba don na uku bai faɗa ba tukuna.

Na ukun mun riga mun hango shi tun a rubutun AT+CSQ. Abin da ya rage a gani shi ne me ya sa magana ke fita amma ba ta shiga. A Nano, layukan CH340 ba sa taɓa ƙafafun 0 da 1 kai tsaye, kowanne yana bi ta resista mai kilo'om ɗaya. An yi haka ne da gangan, don idan ka jona wata na'ura a ƙafafun ita ta yi rinjaye, aisi biyu kada su yi karo su ƙone. A ƙafa ta 1 babu rigima, ATmega ne ke magana, modul da CH340 duk masu sauraro ne. A ƙafa ta 0 kuwa masu magana biyu ne a waya guda, TX na CH340 ta bayan resista, TX na SIM800L kai tsaye. Layin siriyal in ba ya magana a sama yake zama, don haka modul yana riƙe da ƙafar a sama da ƙarfinsa, CH340 yana ƙoƙarin jan ta ƙasa ta cikin kilo'om ɗaya, ba ya iyawa. Mita ta nuna mai riƙe da layin. A Nano na gwaji ƙafa ta 0 tana kusa da bolt 5. A na injin tana wajen 2.8, wanda shi ne matakin maganar SIM800L.

Matashin ya ce to a kashe wa modul wuta kawai. Ban yarda ba. Aisin da ba shi da wuta ba ya zama kamar babu shi. Diyod ɗin kariya da ke cikin ƙafafunsa sukan ja layin ƙasa, a fita daga wata matsala a faɗa wata. Wayar ce za a cire. Haka kuma ban yi gwajin nan na haɗa RX da TX a ga ko abin da aka rubuta zai dawo ba, duk da shi ake fara ba da shawara. A bod masu CH340 yakan faɗi ko da bod ɗin lafiya lau, saboda yadda aka rataya fitilu da resistoci a layukan, kuma gwajin da zai iya yi maka ƙarya a daidai lokacin da kake neman dalilin cire aisi gara ka bar shi.

Muka zare waya ɗaya daga ƙafa ta 0. Mita ta haura kusa da 5. Muka danna lodi, fitilun RX da TX suka kama rawa tare, avrdude ya karanto shaidar aisin, 0x1e950f, wadda ita ce ta ATmega328P, ya rubuta, ya tantance. Muka mayar da wayar, muka zare na'urar auna zafi daga firjin ta sha iska, ba a jima ba wayar Hajiya ta yi ƙara a kan sabon layinta.

Abin da ya sa aka sa kafasitar

Lodi ya yi, amma yanzu ƙafar RESET ta koma tsirara, kuma matsalar da ta sa shi ya like kafasitar tana nan. Mayar da ita zai zama rufe ido ne kawai. Muka bi wayoyin. Daga RST akwai wata doguwar waya da ya ja zuwa maɓalli a fuskar akwatin, don ma'aikacin gona ya iya sake tada injin ba tare da ya buɗe ba, kuma an ɗaure ta a dami ɗaya da wayar motar juya ƙwai, tsawon kusan kamu biyu. Mota naɗin waya ce. Duk lokacin da rile ya yanke mata wuta sai ta mayar da wani bugu mai tsini, bakin rile ya yi tartsatsi, wayar da ke kwance a gefenta ta kwashi rabonta ta kai wa RESET. Muka cire doguwar wayar gaba ɗaya, tunda ma'aikacin ya ce bai taɓa danna maɓallin ba. A bakin rile na motar muka sa resista mai om 100 a jere da kafasita mai nanofarad 100 irin wadda aka yi don wutar gida, su shanye tartsatsin tun daga tushe. Muka sa motar ta yi ta kunnawa da kashewa muna kallon allo, bai ɗauke ba.

A ganina babban kuskuren ƙirar ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ne. Lambar waya ba abin da ake binnewa a kod ba ne. ATmega328P yana da kilobayit ɗaya na EEPROM da ba ya gogewa in wuta ta ɗauke. Lambar can ya kamata ta zauna, a riƙa canza ta da saƙon tes mai kalmar sirri. Da haka aka yi, da Hajiya ta canza layi daga ɗakinta ba wanda ya buɗe akwati. Sai dai wannan sabon kod ne da ke son gwaji, kuma ba a gwajin sabon kod a kan ƙwan mutane.

Don haka muka raba aikin gida biyu. A ranar, mun yanke wayar ƙafa ta 0 muka sa mata jamfa irin ta tsohuwar madabod, a zare lokacin lodi a mayar bayan an gama, muka rubuta Old Bootloader da maka a cikin murfin akwatin. Sauran sai bayan ƙyanƙyasa: a mayar da modul ƙafafu na 8 da 9 da AltSoftSerial, kod ɗin da ke mayar da su wani layin siriyal, don 0 da 1 su zama na lodi kaɗai, a sa resistoci masu rage bolt 5 na Nano kafin ya shiga RX na modul, wanda yanzu kai tsaye yake shiga kuma ya fi ƙarfin abin da aka ƙera shi ya ɗauka, a kuma ɗora Nano a kan soket.

Ya so ya ƙara wacdog a lodin ranar, wato ƙidayar da ke sake tada aisi da kanta idan shiri ya maƙale, saboda modul yakan yi shiru wani lokaci ya bar shirin yana jira. Tunanin mai kyau ne, amma na hana. Bayan wacdog ya tada ATmega328P yakan ci gaba da aiki a mafi gajeren wa'adinsa, kimanin milidaƙiƙa 16, kuma tsohuwar butloda ba ta kashe shi. Kafin ta gama jiranta ya sake tada ta, ta sake farawa, ya sake tada ta, L tana ta ƙyafce-ƙyafce, fitilun zafi a kashe, har sai an zare wuta. Optiboot ta san da wannan, tana magance shi tun a layukanta na farko. Sai an zuba ta ta ƙafafun ICSP shida da ke ƙarshen bod, da na'urar loda aisi ta USBasp ko da wani Arduino mai ɗauke da shirin ArduinoISP, sannan a yi maganar wacdog. Ya sa wannan a saman jerin aikin bayan ƙyanƙyasa, ya ajiye kafasitar da muka cire a aljihun jakarsa, tunda Nano ɗin da zai zuba Optiboot ɗin zai buƙace ta a RESET ɗinsa.